Tambaya Mabuɗin Ilimi: Jerin lambobina bai zo tsayin da nake so ba, ya zan yi?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙo uku ne suka zo mana daga nan cikin Legas, masu su ba su san juna ba amma duk abu ɗaya ya dame su, wato suna da jerin lambobi a kwamfuta suna so su ƙara masa tsayi ko su rage. Na haɗa su wuri ɗaya ne da gangan, saboda duk da tambayar kamar iri ɗaya ce amsar kowa daban take, kuma wanda ya ɗauki maganin wani ya sha to zai ji jiki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina zaune a Agege, ina zuwa Yaba koyon Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni. Na haɗa wata ƴar na'ura tana auna ƙarfin batirin inbatar shagonmu daga safe zuwa dare, ranar farko ta ɗauko awo 100, rana ta biyu na canja saitin ta ɗauko 150, yanzu ina so in ɗora su a zane ɗaya in kwatanta amma kwamfuta ta ƙi, tana cewa tsayinsu ba ɗaya ba. Na yanke 50 na ƙarshen ranar ta biyu abin ya hau, amma zanen bai yi kama da gaskiya ba. Dan Allah a taimaka.

AMSA: Ƙanina barka dai, kuma ka kyauta da idonka ya gane zanen ba daidai yake ba, da yawa da zarar jan rubutun kuskuren nan na kwamfuta ya daina fitowa shikenan sai su ɗauka aiki ya yi. Abin da ka yi shi ne ka jefar da kashi ɗaya cikin uku na rana ta biyu, wato tun daga wajen la'asar har dare, ka ga kenan kana kwatanta daren ranar farko da yammacin rana ta biyu. Dole zanen ya yi maka ƙarya.

Kafin komai akwai tambayar da za ka yi wa kanka. Shin ranakun nan biyu tsawon lokacin awon ɗaya ne, saurin ɗaukar ne kawai ya bambanta? A yadda ka faɗa haka ne, duka daga safe zuwa dare. To in haka ne daidaita tsayin halas ne. Amma da a ce ranar farko awa 10 na'urar ta yi, rana ta biyu awa 15, to miƙa na farkon ya kai tsayin na biyun zalunci ne ga lissafin, nan kam yankewar da ka yi ita ce daidai. Wannan bambancin shi ne rabin amsar wallahi.

Toh yanzu ga yadda ake yi, bari mu ɗauki ƙaramin jeri wanda za ka iya bi da biro da takarda: 10, 20, 40, 30. Lambobi huɗu ne, muna so su zama bakwai. Ka ɗauka kamar ka taso daga Mile 12 kan titin Ikorodu, ka wuce Ketu, ka wuce Ojota, ka sauka Maryland. Tasha huɗu ka taɓa amma tazara nawa ka yi? Uku. Nan ne yawancin masu koyo suke zamewa, suna raba 4 da 7 alhali tazara ake rabawa ba tasha ba. Tsohon jeri tazara 3 gare shi, sabon zai zama da tazara 6, kenan kowane taku a sabon jeri rabin taku ne a tsohon, 3 a raba 6. Sai ka tsaya a wuri na 0, da 0.5, da 1, da 1.5, haka har 3. Inda ka faɗa kan tasha daidai ka ɗauki lambarta, inda ka faɗa tsakani ka ja miƙaƙƙen layi tsakanin maƙwabta biyu ka ɗauki abin da ya dace da wurin. Tsakiyar 10 da 20 shi ne 15, tsakiyar 20 da 40 shi ne 30, tsakiyar 40 da 30 shi ne 35. Sabon jerinka ya zama 10, 15, 20, 30, 40, 35, 30. Na farko da na ƙarshe ba su motsa ba, kuma ka riƙe wannan a matsayin gwaji, duk lokacin da ka rubuta kod ɗinka ka ga lambar ƙarshe ta canja ko kwamfuta ta ce ka wuce ƙarshen jeri, to a wurin cire ɗaya daga yawan lambobi don samun tazara ka yi kuskure.

Yanzu mu gwada mai ɗan wuya, huɗu zuwa shida. Taku ya zama 3 a raba 5, wato 0.6. Wurarenka su ne 0, 0.6, 1.2, 1.8, 2.4, 3. A 0.6 ka yi kashi 6 cikin 10 na tafiya daga 10 zuwa 20, ka samu 16. A 1.2 ka ɗan wuce 20 kana nufar 40, ka samu 24. A 1.8 ka samu 36. A 2.4 ka fara gangarowa daga 40 zuwa 30, nan ma 36. Jerin ya zama 10, 16, 24, 36, 36, 30. Ka duba da kyau, ina 40 ɗin? Ta ɓace. Mun ƙara yawan lambobi amma ƙololuwar ta tafi, saboda babu takun da ya sauka a kanta. Ni wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka, domin a aikin batir sau da yawa abin da kake nema shi ne mafi ƙasan da ya faɗi ko mafi saman da ya hau, to waɗannan ka ciro su daga asalin awon tun kafin ka taɓa tsayinsa, kar ka nemo su a jerin da aka gyara.

A Python ba sai ka rubuta duk wannan da hannu ba, NumPy, wato tarin kayan lissafi na Python, ya gama maka:

tsoho = np.linspace(0, 1, len(a))
sabo = np.linspace(0, 1, m)
b = np.interp(sabo, tsoho, a)

Nan a shi ne jerinka, m tsayin da kake so, b kuma sabon jerin, linspace yana jera wurare masu tazara ɗaya, interp kuma yana jan layin nan tsakanin maƙwabta. Amma shawarata ka rubuta shi da hannu sau ɗaya a rayuwarka ka ga yadda yake tafiya, ranar da aka ce ka yi shi a wani harshen kamar JavaScript ko a kan ƙaramin allon sarrafa na'ura na Arduino inda babu NumPy ba za ka tsaya kallon silin ba. In za ka rubuta da C ko Java ka yi hattara, a can in ka raba 3 da 5 duka cikakkun lambobi sifili zai ba ka ba 0.6 ba, sai ka ga duk jerinka ya cika da lambar farko. Kuma ka tanadi abin da zai faru in wani ya ce tsayi 1 yake so, don a nan za ka raba da sifili.

Akwai wani tarko mai suna np.resize, sunan yana ruɗin mutane ƙwarai. Ba ya miƙa komai, in jerin ya ƙare komawa farko yake ya ci gaba da kwafowa, namu na sama in ka ce ya zama shida sai ya ba ka 10, 20, 40, 30, 10, 20. Na taɓa gani da idona a wani wurin da na yi aiki, an kai rahoto gaban manya da zanen da ke nuna wai ƙarfin wuta ya dawo daidai da dare, ashe awon safiya ne aka liƙa a wutsiya, kuma saura kaɗan a yanke shawarar kashe kuɗi a kan wannan zanen. Abin ya daɗe yana damuna don babu wanda ya yi niyyar ƙarya, suna ne kawai ya yaudari mai aikin.

Abu biyu kuma a gurguje. In na'urarka tana rubuta lokacin kowane awo, to ka ba np.interp ainihin lokacin a madadin tsoho ɗin can, sabo ma ya tashi daga lokacin farko zuwa na ƙarshe, saboda linspace ɗauka yake tazarar awonka duk ɗaya ce, mu kuwa a garin nan an ɗauke wuta na'ura ta mutu minti 40 ba labari ba ne. Sai dai ka tabbatar lokutan a jere suke daga ƙarami zuwa babba, don ba ya dubawa, in sun hargitse amsar banza zai ba ka ba tare da ya yi ko tari ba. Na biyu, in kana da layin da ke nuna daga ina wutar take, misali 1 NEPA, 2 janareta, 3 batir, kar ka kuskura ka ja layi tsakaninsu. Tsakiyar NEPA da batir zai ba ka 2, wato janaretan da ba a ma kunna ba. Irin wannan mafi kusa kawai ake ɗauka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ƴar'uwarku ce daga Idi-Araba, ina tattara muryoyin mutanenmu suna karanta jimlolin Hausa don koya wa kwamfuta jin magana. Rikodin ɗina awo 44,100 ne a sakan, manhajar kuma 16,000 take so. Na ga kamar kashi uku ne sai na ce a ɗauki ɗaya a tsallake biyu, to yanzu muryoyin sun yi sauri sun ɗan siranta kuma akwai wani tsiii-tsiii a ciki musamman wurin sa da sha da tsa. Na lalata aikin ne?

AMSA: Malama lafiya lau, Allah ya yi wa wannan aiki albarka, harshenmu yana bukatarsa sosai. In dai asalin fayil ɗin yana nan ba ki lalata komai ba, kuma tun yanzu ki ware su wuri guda ki daina taɓa su, duk gyara a kan kwafi.

Matsala biyu ce ta haɗu miki. Ta farko mai sauƙi ce, 44,100 a raba uku 14,700 ne ba 16,000 ba. Kin ba kwamfuta awo 14,700 na kowane sakan kin ce mata 16,000 ne, sai take cinye su da wuri, saurin ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, murya kuma in ta yi sauri dole ta siranta, kamar kaset ɗin da a rediyo mai gudu.

Ta biyun ita ce babba kuma ko da lissafin ya raba daidai ba za ki tsira daga gare ta ba. Sauti kaɗawa ce, na ƙasa kamar ganga yana kaɗawa a hankali, na sama kamar sss yana kaɗawa dubbai a sakan. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon, na farkon ya yi rubutunsa a 1928 na biyun a 1949, ita ce ke cewa in kina ɗaukar awo 16,000 a sakan to sautin da bai kai kaɗawa 8,000 ba kawai za ki iya riƙewa, rabi kenan. Shi ya sa ma faifan CD yake 44,100, kunnen mutum yana kaiwa wajen 20,000, aka ninka aka ɗan bar sarari. To abin da mutane ba su sani ba shi ne sautin da ya haura iyakar ba ɓacewa yake ba in kin tsallake lambobi, shigar burtu yake yi ya dawo a matsayin wani sautin na ƙasa. Mai kaɗawa 10,000 in aka ɗauke shi a 16,000 ba tare da tacewa ba sai ya bayyana a 6,000, wurin da babu shi a bakin mai maganar. Kin taɓa ɗaukar bidiyon danfo tana gudu ki ga tayar kamar baya take juyawa, ko fankar silin ta zama kamar a tsaye? Abu ɗaya ne, kyamarar tana ƙifta ido sau 30 a sakan, tayar ta fi ta sauri, sai hoton ya fito da juyin da ba shi ne ba. Haruffan da kika ambata, sa da sha da tsa, ƙarfinsu a sama yake, shi ya sa a kansu kika fi jin ɓarnar. Kunnenki ya yi aiki.

Maganin shi ne tankaɗe kafin ragewa. A fara sa wa sautin rariya ta tare duk abin da ya haura 8,000, sannan a rage. In an riga an rage ba a tace ba babu gyara, don na bogin ya gauraya da na gaskiya, kamar ki zuba gishiri cikin sukari ki ce a tsince. Kuma np.interp ɗin da na ba ɗan'uwanmu na Agege ba naki ba ne, ba ya tacewa. Naki yana cikin SciPy, wani tarin kayan lissafin Python:

y = scipy.signal.resample_poly(x, 160, 441)

Inda 160 da 441 suka fito shi ne 16,000 da 44,100 kowanne a raba da 100. Yana ninka yawan awon sau 160, ya tace, ya ɗauki ɗaya cikin kowane 441, duk a tafiya ɗaya. In wani rikodin ya zo miki a 48,000, wanda shi ne aka fi samu a bidiyo, sai ki sa 1 da 3. Shi ya sa ki riƙa duba kowane fayil da saurinsa, tunda wayoyin mutane daban-daban ne kar ki ɗauka duk 44,100 ne. Akwai ɗan'uwansa scipy.signal.resample shi ma yana aiki, amma shi ɗauka yake ƙarshen sautin yana zagayowa ya haɗu da farkonsa, don haka yakan bar ɗan gurɓata a baki biyun, kuma in tsayin fayil ɗin ya faɗa kan lambar da ba ta rabuwa yakan yi nauyi sosai. Ni na fi natsuwa da na farkon a kan murya. In kuma fayil ɗin suna da yawa ba kya son rubuta kod, ffmpeg, manhajar juya sauti da bidiyo, yana yi da layi ɗaya, ki sa masa -ar 16000 shi zai tace da kansa.

Kar ki ji tsoron rariyar za ta taɓa karin sautin Hausa, hawa da saukar murya da ke bambanta mana kalmomi a can ƙasa yake, ƴan ɗaruruwa ne a sakan, nesa da 8,000. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kishiyar wannan, in wani ya turo miki muryar da aka ɗauka ta kiran waya irin na da, wannan 8,000 ne, babu komai a cikinsa sama da 4,000. Za ki iya miƙa shi ya zama 16,000 manhaja ta karɓa, amma abin da ba a ɗauka ba tun farko ba zai dawo ba, sa da fa za su ci gaba da kama da juna. Ki yi musu alama daban a rumbunki don ki san asalinsu.

TAMBAYA: Salam Malam. Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ni nake riƙe masa lissafi. Ina da adadin buhunan da muka sayar kullum na kwana 30, na so in mayar da su layi 4 na mako-mako, wani abokina ya ba ni kod mai interp, amma da na tara sai na ga ko kusa bai kai abin da ke littafi ba, har Alhaji ya fara tambaya.

AMSA: Wa alaikumus salam, a gaida Alhaji, a ce masa buhunansa suna nan ba su je ko'ina ba, kod ɗin ne ba na wannan aikin ba. Ƙarfin batir abu ne da kake leƙawa ka gani a wani lokaci, shi kuwa ciniki taruwa yake. Interp leƙe yake yi, ya tsaya wuri huɗu a cikin watan ya faɗa maka cinikin wannan ranar, sauran ranakun ko oho.

Ga misali da kwana shida: 12, 8, 30, 5, 9, 16, jimilla buhu 80. In ka ce interp ya mayar da su uku zai ba ka 12, 17.5, 16, wato 45.5, buhu talatin da huɗu da rabi sun bi iska. Abin da ya kamata shi ne ka tara bibbiyu, 20, 35, 25, ka ga 80 ɗinka ta dawo cif. Duk lokacin da ka rage tsayin irin wannan jerin ka tara jimilla kafin ragewa, ka sake tarawa bayan ragewa, in ba su zo ɗaya ba kar ka kai wa Alhaji.

Farashi kuma ba a tara shi, matsakaici ake nema, amma shi ma da lura. In ranar da ka sayar da buhu 30 farashi ya faɗi, ranar da ka sayar da 5 ya hau, ba za ka haɗa farashi biyun ka raba biyu ba, kuɗin da ya shigo duka za ka raba da yawan buhunan duka.

In da pandas, kayan aikin tebur na Python, kake aiki kuma layin kwanan wata yana nan, resample('W').sum() zai tara maka mako-mako, sai dai shi a ranar Lahadi yake rufe mako in ba ka ce masa komai ba, in ku ranar Juma'a kuke rufe lissafi ka rubuta 'W-FRI'. Kuma kar ka matsa sai layi 4, kwana 30 mako huɗu ne da kwana biyu, ka bar guntun ya zauna a layinsa ka rubuta a gefe kwana nawa ne a ciki don kar a ga kamar kasuwa ce ta mutu a wannan makon. Ranar da ba a fito kasuwa ba ka sa 0, ranar da aka yi ciniki amma ba a rubuta ba ka bar ta fanko ka je ka tambayi yaran shago, don in ka sa mata 0 ita ma jimillar za ta saɓa wa ainihin cinikin da aka yi.